Tambaya da Amsa: Hawa Keke a Hanyoyin Karkarar Faransa da Babu Hayaniya

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan wata daga Jos da Abuja sun fi karkata ga masu shirin zuwa Faransa, wasu ziyarar 'ya'ya, wasu karatu, wasu hutu, waɗanda ke son su taka keke a ƙauye ba tare da kokawa da motoci ba. Ga amsar shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Toulouse, zan kai masa ziyarar mako uku in Allah ya yarda. Na saba taka keke kullum bayan sallar asuba har wajen Lamingo. Ba na jin Faransanci. Yaya zan gane hanyar da babu motoci tun a kan taswira, kafin in tsinci kaina tsakanin tireloli? (Wani dattijo, Unguwar Rimi, Jos)

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya kai ka lafiya. Harafin da ke gaban lambar hanya shi ne abin dubawa na farko. Mai harafin A babbar hanya ce ta motoci zalla, doka ta hana keke hawanta. Mai N ta gwamnatin ƙasa ce, lambarta a kan ja take, kuma nan manyan motoci suka fi bi. Mai D ta lardi ce, lambarta a kan rawaya. Mai C ta ƙaramar hukuma ce, a kan fari. Abin nemanka yana cikin D da C. Duk inda ka ga allo shuɗi mai kusurwa huɗu da hoton farar mota a ciki, kada ka shiga ko da harafinta N ne ko D, domin ita ma an hana keke.

Sai dai ba kowace D ce mai shiru ba, kuma nan baƙi suka fi yin kuskure. Daga 1972 gwamnati ta miƙa wa larduna dubban kilomita na hanyoyin N, da yawansu aka sake musu lamba ta ɗari tara da wani abu, kamar D911 ko D920. Suna ya canza, amma faɗinsu da gudun motocinsu suna nan. Don haka ka dubi siffar hanyar. Wadda ta miƙe sambal ta haɗa manyan garuruwa biyu, babu babbar hanyar A a gefenta, duk kayan yankin a kanta suke tafiya. Wadda take lanƙwasa daga ƙauye zuwa ƙauye, babu farin layi a tsakiyarta saboda ƙanƙanta, ita ce taka. Sau da yawa irin wannan tana nan a ɗaya gaɓar kogi, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da babbar.

Ka sa ɗanka ya saya maka taswirar takarda ta Michelin ta lardi, mai awon 1:150,000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita ɗaya da rabi ne a ƙasa. Jan layi babbar hanya ce, rawaya matsakaiciya, fari ƙarama. Koren layi a gefen hanya na nufin tana da kyan gani, amma irinta masu yawon buɗe ido da masu manyan babura ke cikawa ranar Lahadi a lokacin zafi. 'Yan alamomin da ke kama da bakin kibiya a kan layi suna nuna tsananin hawa: ɗaya kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, biyu kashi 9 zuwa 13, uku abin da ya haura haka. Manhajar waya tana da amfani, amma idan ka ce ta ba ka hanya mafi kusa takan jefa ka turbar gona mai tsakuwa. Duba hoton tauraron ɗan'adam ka tabbatar kwalta ce, sannan ka sauke taswirar cikin wayar tun a gida, don sabis kan ɗauke a kwari.

Lambar D takan canza da zarar ka ƙetare iyakar lardi. Kada ka dogara da lamba kaɗai. Rubuta sunayen ƙauyukan da za ka ratsa a jere a takarda, ka manna a jikin keken, ka riƙa bin sunaye a allunan mararraba.

Lokaci ma yana sauya halin hanya. Daga 7:30 zuwa 9:00 na safe, da 5:00 zuwa 7:00 na yamma, masu zuwa aiki suna gudu ko a ƙaramar hanya. Tsakanin 12:00 da 2:00 na rana kowa yana kan abinci, hanya tana yin tsit. Daga ƙarfe 10:00 na daren Asabar zuwa 10:00 na daren Lahadi an hana mafi yawan motocin kaya da suka haura tan 7.5 tafiya, shi ya sa safiyar Lahadi ta fi kowane lokaci daɗi.

A Toulouse ka fara da bakin Canal de Garonne, hanyar ruwa ce da aka haƙa, gefenta kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, babu mota, har garin Moissac, kimanin kilomita 65, kuma akwai jirgin ƙasa na dawowa. Gefen Canal du Midi kwalta ce har kusan kilomita 50 daga gari, daga nan babu kwalta, ba ta dace da siririyar taya ba.

Tambaya: Ni da maigidana da yara biyu, mai shekara 9 da mai 14, muna son kwana huɗu a kan keke. Yaran ba su taɓa wuce zagayen unguwa ba. Ina ya dace? (Wata uwa, Gwarinpa, Abuja)

Amsa: Hajiya, ku nufi kogin Loire. Hanyar da ake kira La Loire à Vélo ta kai kimanin kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin teku, kuma mafi yawanta shimfiɗe take. Ku yanki ɗan abin da za ku iya tsakanin Blois da Saumur. Daga Blois zuwa fadar Chambord wajen kilomita 20 ne, haka ma daga Tours zuwa lambunan Villandry. Kilomita 25 zuwa 35 a yini sun ishi yara, tare da hutu bayan kowane minti 45. Iska a yankin ta fi zuwa daga yamma, don haka wanda ya tashi daga Saumur ya nufi Blois ya fi samun ta a bayansa.

Kalmomi biyu za ki riƙa gani. Voie verte hanya ce da babu abin hawa mai inji a kanta sam. Véloroute kuwa takan haɗa irin wannan da ƙananan hanyoyin da mota ke bi jefi-jefi. Ki duba kowane zango a shafin France Vélo Tourisme don ki san wanne ne. A inda ake raba hanya da mota, babba ɗaya a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya. Wani haɗari da kan faru ga yara shi ne karo da sandunan ƙarfe da ake kafawa inda hanyar keke ta gitta ta mota, domin na baya ba ya ganin su sai na gaba ya kauce. Ku bar tazarar tsawon keke uku tsakaninku, na gaba kuma ya riƙa sanarwa da murya.

Hular kwano dole ce ga yaro da bai kai shekara 12 ba, tarar kuma Yuro 135 ce a kan babban da ke tare da shi. Ke kuma ki nemi keken haya marar sandar sama, mai murfin sarƙa, don doguwar riga ba ta shiri da sarƙa da ƙafar baya. Ki sa wando a ciki, ki tattare bakin rigar, ki soke gefen mayafi kada ya yi lilo. Wajen masauki ku nemi alamar Accueil Vélo: wurin bai wuce kilomita 5 daga hanya ba, yana da ɗakin kulle keke da kayan gyara.

In kun fi son inda babu mota ko kaɗan, akwai tsohon layin dogo daga Givry zuwa Cluny a yankin Bourgogne, kilomita 44, da aka mayar hanyar keke a 1997.

Tambaya: Ina cikin masu fita tseren keke ranar Asabar ta hanyar Bukuru zuwa Vom. Burina in hau duwatsun da nake gani a gasar Tour de France, kamar Ventoux. Kekena na gwanjo ne, farantin sarƙa masu haƙora 53/39 a gaba, 11-25 a baya. Zai yi? (Wani matashi, Rayfield, Jos)

Amsa: Ɗan'uwa, keken zai yi, giyarsa ce ba za ta yi ba. Daga Bédoin zuwa ƙolin Ventoux kilomita 21 ne, hawan kusan mita 1,600, matsakaicin tsanani kashi 7.5 cikin ɗari, wato kana tashi mita bakwai da rabi a kowane mita ɗari, kuma cikin dajin tsakiya ya fi haka. Da 39 a gaba da 25 a baya ƙafarka za ta koma juyi 45 ko 50 a minti, gwiwa ta ɗau zafi, cinya ta ɗaure tun kafin rabi. Ka canza zuwa 50/34 a gaba da 11-32 ko 11-34 a baya. Wannan yakan buƙaci abin sauya giyar baya mai dogon hannu da sabuwar sarƙa mai tsawo, don haka a yi aikin a Jos wata guda kafin tafiya, ka gwada shi sosai. Taya kuma mai faɗin milimita 28, ko 32 in firam ɗin zai ɗauka. Ga mai nauyin kilo 75, iska mai awon bar 5 zuwa 5.5 a ma'aunin famfo ta isa a taya mai 28. Cika ta tam yana sa keke tsalle a kan kwalta mai kaushi, riƙo ya ragu a kwana.

Amma in shiru kake nema, shahararrun duwatsu ba su da shi a Yuli da Agusta. Motocin 'yan hutu da babura da ɗaruruwan kekuna ne a kansu. Shawararmu ka nufi tsaunukan tsakiyar ƙasar, Massif Central. Lardin Lozère ya fi kowane lardi ƙarancin jama'a, mutanensa ba su kai 80,000 ba a faɗin ƙasa da ya haura murabba'in kilomita 5,000. A arewa maso yammacinsa akwai tudun Aubrac, tsakanin mita 1,000 da 1,400 daga teku, kusan tsayin Jos. Fili ne na ciyawa da manyan duwatsu a warwatse da jajayen shanu suna kiwo, mutumin Filato zai ga kamar ya san wurin. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Aumont-Aubrac, daga nan ka nufi Nasbinals da Laguiole ta ƙananan D, kana iya yin rabin awa ba ka ga mota ba. Arewa da nan, a lardin Cantal, akwai mashigin Pas de Peyrol, mita 1,589, wanda Tour de France ta sha bi. Ta ɓangaren Salers kilomita biyun ƙarshe sun haura kashi 10. Dusar ƙanƙara kan rufe shi har cikin bazararsu, don haka sai daga Yuni ake sa rai da shi.

Kwana biyun farko ka ware ƙafa a kwarin kogin Célé, hanyar D41 daga Figeac, sama da kilomita 50 a gindin fararen duwatsu, hawanta kaɗan ne. In kuma Ventoux ɗin ya zama dole, ka je a Yuni ko Satumba, ka bi ta kwazazzabon Nesque daga Villes-sur-Auzon zuwa Sault. Lambarta D942, amma tana cikin waɗanda suka saɓa wa abin da muka faɗa wa Baba a sama, domin ƙunci da ramukan dutse sun kori manyan motoci daga kanta. Daga Sault hawan kilomita 26 ne kuma ya fi sauƙi. Ranar da iskar arewa da suke kira Mistral ta taso, ka fasa, tana iya kayar da mutum a ƙoli.

Zama a mita 1,200 ya ba huhunka riba, amma Jos ba ta da hawan awa biyu babu yankewa a hanya mai aminci. Kada ka je Hawan Kibo atisaye, hanyar tireloli ce. Nemi tudu na minti 8 zuwa 10, ka hau shi sau biyar ko shida a zaune, juyin ƙafa 70 zuwa 80 a minti, sau biyu a mako.

Gangara ta fi hawa haɗari. Riƙe birki babu saki yana sa ƙarfen ƙafa ya yi zafi har tib ya fashe, ko birkin faifai ya yi sanyin kamu. Ka matse da ƙarfi kafin kwana, ka saki, ka sake matsewa. A lokacin zafi ana yi wa ƙananan hanyoyi feshin kwalta a watsa tsakuwa a kai. In ka ga allo mai kalmar gravillons, rage gudu tun keke yana miƙe, kada ka taɓa birkin gaba cikin kwana. Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000, kuma jiƙaƙƙen jiki a gangarar minti 30 yana sa yatsu su kasa jan birki, don haka rigar tare iska da safar hannu su kasance a aljihu. Hadari a tsauni ya fi tasowa da la'asar, ka sauko kafin ƙarfe biyu in sama ta fara haɗuwa. In ka haɗu da babban farin kare mai gadin tumaki, kada ka yi tsere da shi. Sauka, ka sa keken tsakaninku, ka kewaye garken a hankali.

Tambaya: Wace doka ce ta bambanta da tamu? (Wani ma'aikaci, Kubwa, Abuja)

Amsa: Malam, hannun dama suke bi kamar mu. Abin da ke kama baƙo shi ne dokar fifikon dama: a mararrabar da babu alama ko layin tsayawa, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da daga lungu ya fito. A cikin ƙauyuka tana aiki sosai, kuma direba ba zai tsaya ba don ya san haƙƙinsa ne. Allo mai kusurwa uku da jan baki da baƙar alamar X a ciki yana gargaɗin irin wannan mararraba. Allo rawaya mai siffar lu'ulu'u da farin baki yana nufin kai ke da fifiko. Keke sai da birki biyu, ƙararrawa, fitilar gaba fara ko rawaya da ta baya ja in duhu ya yi. Riga mai ƙyalli dole ce a wajen gari da dare ko cikin hazo. Sa abin sauraro a kunne an hana, tararsa Yuro 135. Biyu na iya jerawa, amma su koma layi ɗaya da dare ko in mota na son wucewa. Ita kuma motar dole ta bar tazarar mita 1 a gari, mita 1.5 a wajen gari. Lambar neman agaji 112.

Tambaya: Yaya batun abinci na halal da ruwa da sallah a ƙauyen da babu Musulmi? (Wata ɗaliba mai shirin zuwa Clermont-Ferrand, Tudun Wada, Jos)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi, domin hanyar da babu mota galibi babu shago ma. Ƙauyuka da yawa ba su da ko mai sayar da burodi. Inda akwai, yakan rufe wajen 12:30 har 3:00 ko 4:00, ya rufe Lahadi da yamma, da yawa kuma ba sa buɗewa Litinin. Gidajen abinci daga 12:00 zuwa 2:00 suke bayarwa, bayan haka sai dare. Saboda haka ki yi guzuri tun da safe: burodi, cuku, dafaffen ƙwai, kifin gwangwani, ayaba, dabino. Jiki na buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai ba da ƙarfi a kowace awa, wato ayaba ɗaya da 'yan dabino huɗu, ko dabino bakwai zuwa takwas. Ki fara ci tun awar farko. Mai jiran sai ya ji yunwa yakan ji ƙafa ta mutu farat ɗaya, gani ya dushe.

Mahauta na halal a manyan garuruwa suke. A ƙauye ki haddace waɗannan: porc, jambon, lardons, saucisson da saindoux duk alade ne ko kitsensa, vin kuma giya ce da sukan dafa nama da ita. Lardons ne suka fi ɓuya, a cikin salak da wainar ƙwai da kayan gashi. Ki tambaya kafin a kawo.

Ruwa rabin lita zuwa kashi uku bisa huɗu na lita a awa, don haka gora biyu. Famfon da aka rubuta eau potable na sha ne, eau non potable ba a sha. Kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa don ban ruwan furanni, masu keke sun daɗe suna cika gora a nan, sai dai a duba ko an rubuta ba na sha ba ne. Wannan ruwan ya isa alwala.

A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen 6:00, ba ta faɗuwa sai wajen 9:30 zuwa 10:00, azahar kuma tana shiga wajen 2:00 saura. Ki saita manhajar lokutan sallah a garin da kike, alƙibla tana kudu maso gabas. Batun ƙasaru da haɗa salloli ki tambayi malaminki kafin tafiya. Siririyar darduma mai naɗewa tana shiga jaka, gefen gona ko wurin hutu na bakin ruwa ya wadatar, a guji shiga gonar da aka kewaye.

Tambaya: In tafi da kekena daga Abuja ko in yi haya a can? Wane wata ya fi? (Wani ɗan kasuwa, Wuse, Abuja)

Amsa: Alhaji, in kwanakin hawan ba su wuce biyar ba, haya ta fi sauƙi. Ka tafi da sirdinka da fedarka da takalminka, ka auna tsayi daga tsakiyar sandar feda zuwa saman sirdi ka rubuta. A Faransa birkin gaba a hannun hagu yake, yawancin kekunan da suka zo mana daga Ingila kuwa a dama. Ka gwada kafin ka bar shagon, ko ka roƙa a juya maka.

In za ka tafi da naka, ka sanar da kamfanin jirgi tun lokacin sayen tikiti. Cire feda, ka tuna ta hagu a juye zarenta yake. Kwance abin sauya giyar baya ka naɗe shi a tsumma, ka sa katako ko roba tsakanin ƙafafun cokalin gaba kada a matse su. Ka sayi ɗan ƙarfen da ke rataye abin sauya giya na ajiya, domin kowane firam da irin nasa, kuma shi ke fara lanƙwashewa. Ka riƙe tib biyu, faci, famfon hannu mai shiga siririn bawul, da mahaɗin sarƙa.

A jiragen ƙasa na yanki, TER, ana rataye keke yadda yake, galibi kyauta, amma wasu layuka suna neman a kama wuri a lokacin zafi. A jirgin TGV mai gudu sai dai ka kama wa keken wuri da Yuro 10 in jirgin yana da shi, ko ka kwance shi cikin jaka da ba ta wuce santimita 130 da 90 ba. Kwalin da ka zo da shi a jirgin sama yakan fi wannan girma, don haka ka tanadi jakar. Inshorar bizar Schengen sai ta kai Yuro 30,000, ka karanta ka tabbatar ba ta cire haɗarin keke ba.

Wata kuwa, tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ko Satumba. Yuli da Agusta hutun makarantu ne, masauki ya yi tsada, kudu kuma zafi kan haura digiri 35. A Satumba ana girbin inabi, don haka a yankunan gonakinsa ka sa ido ga taraktoci da santsin da suke bari a kwana.